Tambaya da Amsa: Idan Kaya Ya Yi Suna da Garinsa, Wa Ke Cin Moriyar Sunan?

Wasiƙun da muka zaɓo a wannan fitowar duk sun taɓo batu guda ne, wato rajistar da ake yi wa kayan da suka shahara da sunan wani yanki domin kada a riƙa amfani da sunan ba bisa ƙa'ida ba. Mun taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin fili.

Tambaya ta farko, daga wani manomin albasa a Aliero, Jihar Kebbi:

Assalamu alaikum. Na ji a rediyo cewa an yi wa albasar Galmi ta Jamhuriyar Nijar wata rajista da ake kira tambarin asali, kuma an ce manoma za su amfana. Mene ne wannan tambari, kuma ta wace hanya takardar da ke ajiye a ofis za ta ƙara wa manomi ko da sisin kwabo a kan buhun albasarsa?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Tambarin asali shaida ce da doka ke bayarwa cewa wani kaya ya fito daga wani yanki sananne, kuma ingancinsa ko ɗanɗanonsa ko sunan da ya yi a kasuwa yana da nasaba ta kai tsaye da wannan yanki, ko dai saboda ƙasarsa da ruwansa da yanayinsa, ko saboda gwanintar da mutanen wurin suka gada. Da zarar an yi rajistar, babu mai ikon sayar da kaya da wannan suna sai wanda ya noma shi ko ya sarrafa shi a cikin iyakokin da aka shata, kuma ya bi ƙa'idojin da masu sana'ar suka rubuta wa kansu. Ɗan kasuwar Bahaushe bai buƙatar a koya masa cewa suna yana da farashi, domin tun zamanin fatake ake bambanta goron Gwanja da sauran goro, ake neman gishirin Bilma da sunansa. Abin da ya zo sabo shi ne shigar doka cikin lamarin, ta yadda wanda ya ari sunan da ba nasa ba za a iya gurfanar da shi.

Tsarin ya samo asali ne daga Faransa. A ƙarshen ƙarni na 19 wani ƙwaro ya lalata gonakin inabi na ƙasar, jabun kaya suka cika kasuwa da sunayen yankunan da suka yi fice, har gwamnati ta fara kafa dokoki tun daga 1905 domin hana wannan algus. A 1925 aka yi wa cukun Roquefort doka ta musamman, a 1935 kuma aka kafa hukumar da ke kula da irin waɗannan sunaye. Tarayyar Turai ta yi nata tsarin na bai ɗaya a 1992, sannan yarjejeniyar kare haƙƙin fasaha ta Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya, wadda aka sanya wa hannu a 1994, ta wajabta wa ƙasashe mambobinta su tanadi hanyar hana yaudarar masu saye game da asalin kaya.

Labarin albasar Galmi shi kansa ya isa ya nuna maka amfani na farko, wato hana a ƙwace sunan. Galmi gari ne a jihar Tawa, a kan hanya tsakanin Birnin Ƙonni da Madawa, kuma albasarsa mai launin shunayya ta daɗe da yin suna har Abijan da Accra saboda zafinta da kuma jure ajiya. Shekarun baya wani kamfanin sayar da iri mai zama a Senegal ya nemi a ba shi haƙƙin mallakar wani irin albasa da wannan sunan a hukumar OAPI, wadda ke kula da haƙƙin fasaha na ƙasashe 17 na Afirka, mai hedkwata a Yawunde. Da hukumomin Nijar da ƙungiyoyin manoma suka ankara suka yi tsaye, sai kamfanin ya janye daga sunan. Da ba a farga ba, da an wayi gari wani daga waje yana da takardar da ke ba shi iko a kan sunan da kakannin manoman Galmi suka gina da guminsu. Wannan ya ƙara zaburar da Nijar wajen neman rajista, kuma a 2023 aka yi bikin miƙa takardun shaida na albasar Galmi da kilishin Nijar a matsayin kaya masu tambarin asali, yayin da cukun ƙasar da fatar jar akuya ta Maraɗi suka samu tambarin haɗin gwiwa, wato tambarin kasuwanci da ƙungiya ke riƙewa domin amfanin mambobinta.

Amfani na biyu shi ne wanda ka tambaya, wato kuɗi. Ka ɗauka ɗan kasuwa a Kumasi ya saba biyan ƙarin kuɗi a kan buhun da aka ce masa ɗan Galmi ne, saboda ya san albasar za ta yi makonni a rumfarsa ba ta ruɓe ba. Idan dillalai suka fara zuba wata albasa mai ruwa a ƙasan buhu suna rufe samansa da ta Galmi, sau biyu ko uku kawai zai yi asara kafin ya daina yarda da sunan, daga nan kuma sai ya riƙa taya kowane buhu da farashin mafi ƙasƙanci, domin ba shi da hanyar tantance na gaske. A ƙarshe manomin kirki ne ke biyan tarar ha'incin da bai yi ba. Aikin tambarin shi ne ya mayar wa mai saye da amincewarsa: buhu mai ɗauke da alama da lambar da za a iya bin diddiginta har zuwa ƙungiyar da ta cika shi yana nufin akwai wanda za a kama idan an samu matsala. Mai saye kuwa yakan biya kuɗin wannan tabbaci ba tare da gardama ba.

Akwai alƙaluma da ke goyon bayan haka. A 2018 Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, tare da wani bankin raya ƙasashe na Turai, ta fitar da nazari a kan kayayyaki 9 daga nahiyoyi daban-daban, ta gano cewa a mafi yawansu tambarin ya ƙara farashin kayan da kashi 20 zuwa 50 cikin 100. Ɗaya daga cikin taran shi ne farin masoron Penja na Kamaru, wanda ake nomawa a ƙasa mai toka ta tsohon dutse mai aman wuta a yankin Mungo. Shi da farar zumar Oku, ita ma ta Kamaru, da kofin Ziama-Macenta na Gini, su ne na farko da OAPI ta yi wa rajista a 2013. Bayan rajistar farashin masoron ya ninka, manoma da dama suka shiga nomansa, a 2022 kuma Tarayyar Turai ta karɓi sunan cikin nata kundin, wanda ya buɗe masa ƙofar manyan gidajen abinci na can.

Sai dai ka lura da wani abu a labarin Penja, domin a ganina shi ne ginshiƙin al'amarin gaba ɗaya. Kafin a kai ga takarda, sai da aka tara masu renon dashe da manoma da 'yan kasuwa a ƙungiya guda, suka amince da lokacin da ya kamata a tsinke 'ya'yan, da yadda za a jiƙa su a ruwa mai tsabta har ɓawon ya saki, da yadda za a wanke a shanya. Ingancin kayan ya ƙaru saboda wannan horo, kuma wani ɓangare na ƙarin farashin daga nan ya fito. Ita takardar ba ta ƙara wa albasa zafi, ba ta hana ta ruɓewa a rudu. Abin da take yi shi ne ta tilasta wa masu sana'a su zauna su yarda da mizani ɗaya, sannan ta ba su makamin kare wannan mizani daga masu cin bulus.

Tambaya ta biyu, daga wata mai sarrafa yaji da daddawa a Zariya:

Ni ina da lambar NAFDAC, kuma na yi wa sunan kayana rajista. Shin wannan bai wadatar ba? Mene ne bambancinsa da tambarin asali?

Amsa:

Hajiya, abubuwa uku ne mabambanta, kuma kowanne da aikinsa. Lambar NAFDAC tana shaida cewa kayanki ba su da illa ga lafiyar mai ci. Tambarin kasuwanci da kika yi wa rajista mallakarki ne ke kaɗai: kina iya sayar da shi, kina iya ba da hayarsa, kina iya kwashe masana'antarki daga Zariya zuwa Legas ki tafi da shi. Tambarin asali kuwa na jama'ar yanki ne baki ɗaya. Ba a sayar da shi, ba a ɗauke shi a kai wani gari, kuma duk wanda ke cikin yankin da ya cika ƙa'idoji yana da haƙƙin amfani da shi, ko da bai yi wa shugabannin ƙungiya daɗi ba. Wannan siffa ta rashin ƙaura ita ce ta sa ake kallonsa a matsayin hanyar riƙe aikin yi a karkara, tun da babu attajirin da zai saye sunan ya koma da aikin inda ƙwadago ya fi araha. Ana iya haɗa biyun a jikin kwali ɗaya, sunan kamfaninki a sama, tambarin yankin a gefe.

Ba kowace ƙasa ce ta zaɓi hanyar tambarin asali ba. Habasha, alal misali, ta yi wa sunayen kofinta na Sidamo da Harar da Yirgacheffe rajista ne a matsayin tambarin kasuwanci mallakar gwamnati, saboda ta ga cewa sa ido a kan ƙananan manoma masu ɗimbin yawa da ke warwatse a tsaunuka zai yi tsada. Hakan ya jawo taƙaddama tsakaninta da kamfanin sayar da kofi na Amurka mai suna Starbucks, wadda aka sasanta a 2007.

Tambaya ta uku, daga wani mahauci mai sana'ar kilishi a Kano:

Ranka ya daɗe, mu a gidanmu kilishi gado ne. Yanzu an ce Nijar ta yi rajistar kilishi ya zama nata. Shin nan gaba za a hana mu kiran kayanmu kilishi, ko a hana mu fita da shi waje?

Amsa:

Kwantar da hankalinka, Malam, babu mai hana ka yanka namanka falle-falle ka shanya, ka tsoma a labu ka sake shanyawa, ka gasa ka kira shi kilishi kamar yadda iyayenka suka kira shi. Abin da aka yi wa rajista shi ne kilishin Nijar, wato kalmar haɗe da sunan ƙasar, bisa ƙa'idojin da mahautan can suka tsara. Abin da ya haramta shi ne mutum ya yi kilishinsa a Kano ko a Garwa ya liƙa masa takardar da ke cewa daga Nijar ya fito. Haka kuma kariyar tana da iyaka ta ƙasa: tana aiki a ƙasashen OAPI, waɗanda suka haɗa da Kamaru da Chadi da Benin, sai kuma duk wata ƙasa da aka je aka nemi kariya a cikinta daga baya. Najeriya ba mamba ba ce a wannan hukuma.

Duk da haka tambayarka ta taɓo wata matsala ta gaske, wadda ke tasowa a duk inda iyakar da Turawa suka shata ta raba al'umma ɗaya mai sana'a ɗaya. Indiya da Pakistan sun daɗe suna jayayya a kan shinkafar basmati, wadda ake nomawa a ɓangarori biyu na yankin Punjab. Lokacin da Tarayyar Turai ta wallafa buƙatar Indiya ta yi wa sunan rajista a 2020, Pakistan ta shigar da ƙorafi, domin ta san cewa idan sunan ya zama na maƙwabciyarta ita kaɗai, manomanta za su rasa babbar kasuwa. Peru da Chile su ma suna da irin wannan saɓani a kan sunan wani abin sha. Dokokin duniya sun tanadi mafita: gyaran da aka yi a Janeba a 2015 ga yarjejeniyar Lisbon ta 1958 kan kare sunayen asalin kaya ya ba ƙasashe biyu masu maƙwabtaka damar shigar da buƙata ɗaya tare idan yankin da kayan ke fitowa ya ratsa iyakarsu. Ga kilishi da jar akuya, wadda ake kiwo daga Sakkwato har Maraɗi, wannan ita ce hanyar da ta fi dacewa da gaskiyar tarihi.

Haɗarin da nake hango muku ba na hani ba ne, na a riga ku ne. Idan mai saye a Faransa ko Dubai ya saba ganin kilishi mai tambari da lambar bin diddigi da ranar da aka yi shi, a cikin leda mai tsabta, zai ɗauka wannan shi ne na asali, ya ɗauki wanda aka naɗe a takardar siminti a matsayin kwaikwayo, ko da na biyun ya fi daɗi. Akwai kuma wani shinge da tambari ba ya ɗagewa: ƙasashen Turai da Amurka suna da tsauraran dokoki a kan shigar da nama, waɗanda suka shafi lafiyar dabbobi da tsabtar mayanka, kuma sai an cika su kafin kowane kilishi ya shiga kasuwanninsu ta halastacciyar hanya, na Nijar ne ko na Kano.

Tambaya ta huɗu, daga wani malamin makaranta a Maraɗi:

Ni dai ina da shakku. Duk wani shiri da aka kawo da sunan talaka, ƙarshensa manyan 'yan kasuwa ne ke kwashe ribar. Me zai sa wannan ya bambanta?

Amsa:

Shakkunka yana kan hanya, Malam, kuma akwai misalan da suka gaskata shi. Shayin Darjeeling shi ne kaya na farko da Indiya ta yi wa rajista a 2004, bayan an daɗe ana kukan cewa abin da ake sayarwa a duniya da wannan suna ya ninka abin da gonakin yankin 87 ke iya samarwa har kusan sau huɗu. Rajistar ta taimaka wajen rage jabu, amma gonakin mallakar kamfanoni ne, matan da ke hawa gangaren tsauni da kwando a baya suna tsinkar ganyen kuwa har yau albashinsu na yini bai taka kara ya karya ba. A Meziko ma, inda aka kare sunan barasar tekila tun 1974, manyan masana'antu ne suka mamaye harkar, ƙananan manoman tsiron da ake yin ta da shi, wanda ke ɗaukar shekaru kafin ya nuna, suka riƙa faɗawa cikin asara duk lokacin da farashi ya karye. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan.

To amma akwai inda abin ya tafi daidai, kuma ya kamata a duba dalili. Cukun Comté na gabashin Faransa ya samu kariya a 1958. Makiyayan da ke samar da madarar su ne suka mallaki ƙananan wuraren sarrafa cukun a ƙauyukansu ta hanyar ƙungiyoyin gama kai, kuma sun rubuta ƙa'idojin ta yadda babbar masana'anta ba za ta iya haɗiye su ba. Dole madarar ta fito daga jinsin shanun da aka amince da su, dole kowace saniya ta samu isasshen filin kiwo, an hana ciyar da su ciyawar da aka tsima, kuma ba a tattaro madara daga wajen da'irar da faɗinta ya wuce kilomita 25. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi kaɗai ya hana a rufe ƙananan wuraren a tara aikin a wuri guda. Sakamakon haka makiyayin yankin yana sayar da madararsa da farashin da ya ɗara na sauran makiyayan Faransa nesa ba kusa ba. A Afirka ta Kudu kuma, masu harkar shayin rooibos, wanda Turai ta yi wa rajista a 2021, sun ƙulla yarjejeniya a 2019 ta biyan kashi 1.5 cikin 100 na farashin bakin gona ga al'ummomin Khoi da San, waɗanda daga gare su aka gaji sanin tsiron.

Bambancin da ke tsakanin waɗannan misalai ya ta'allaƙa ne a kan wanda ya riƙe alƙalami ranar da ake rubuta kundin ƙa'idoji, da kuma wanda ke da rinjayen ƙuri'a a ƙungiyar da ke kula da tambarin. Idan aka rubuta cewa sai mai injin busarwa na miliyoyi ne zai samu tambari, an kori ƙaramin mahauci ke nan da sunan inganci. Idan aka ɗora kuɗin bincike mai yawa a kan kowane manomi shi kaɗai, maimakon a binciki ƙungiya a dunƙule, talaka zai haƙura ya ci gaba da sayarwa a bakin gona. Shata iyakar yankin ma yakan zama fitina, domin duk wanda aka bari a waje ya yi asara. A Faransa har tarzoma aka yi a 1911 a kan wannan batu a yankin Shamfen. Game da albasa kuwa, akwai wata ƙarin matsala da kai ma ka sani: manomin da ya ci bashin taki da man ban-ruwa daga hannun ɗan kasuwa tun kafin shuka ba shi da bakin taya farashi ranar girbi, ko da buhunsa na ɗauke da tambari goma. Sai an haɗa rajistar da rumbunan ajiya da bashi mai sauƙi, ta yadda zai iya riƙe kayansa zuwa damina lokacin da albasa ke tsada, kafin ƙarin kuɗin ya iso aljihunsa.

Tambaya ta biyar, daga sakataren wata ƙungiyar majema a Sakkwato:

Muna so mu kare sunan fatar jar akuyarmu. Daga ina za mu fara, kuma wace hukuma za mu nufa a Najeriya?

Amsa:

Malam Sakatare, kayanku yana cikin waɗanda suka fi cancanta, domin tarihinsa shi ne babban misalin abin da ke faruwa idan suna ya kuɓuce wa masu shi. Ƙarnuka da dama ayarin raƙuma suna ɗaukar jemammiyar fatar ƙasar Hausa su ƙetare Sahara da ita zuwa arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai, inda masu ɗaure littattafai suka san ta da sunan fatar Maroko, saboda ta tashoshin can ta iso gare su. Laushinta da ƙarfinta sun sa har yau manyan kamfanonin jaka da takalma na Turai suna neman ta, amma ba a ambaton Sakkwato a jikin abin da aka ɗinka.

Najeriya ba ta riga ta samu doka ta musamman a kan tambarin asali ba, saɓanin Ghana da ta yi tata tun 2003 da Maroko da ta yi a 2008. An tsara daftarin doka tare da taimakon Tarayyar Turai, kuma ana yawan ambaton kayayyaki irin su fatarku da doyar Binuwai da garin rogon Ijebu da shinkafar Ofada a matsayin waɗanda za su fara amfana. Kafin dokar ta tabbata, hanyar da ke buɗe ita ce tambarin tabbatarwa da ke cikin dokar tambarin kasuwanci ta 1965, wanda ake nema a ofishin rajistar tambura da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya a Abuja. Sharaɗinsa shi ne wanda ya mallaki tambarin ba zai kasance mai cinikin kayan da kansa ba. Aikinsa shi ne ya duba kayan wasu ya tabbatar sun cika mizani. Saboda haka kuna buƙatar wata ƙungiya mai rajista da za ta tsaya a wannan matsayi, daban da 'yan kasuwar da ke cikinku.

Shawarata ita ce kada ku jira Abuja kafin ku fara aikin da ya fi wuya, domin wannan aikin a hannunku yake. Ku fara tara duk masu hannu a sana'ar, tun daga masu kiwo, waɗanda yawancinsu mata ne a cikin gidaje, zuwa mahauta masu fiɗa da dillalan fata da majema da dukawa, saboda fatar da wuƙa ta huda a mayanka ko wadda ƙaya da ƙazuwa suka ɓata tun tana jikin akuya babu jimar da za ta gyara ta. Sannan ku rubuta abin da ya bambanta fatarku da ta sauran awaki: jinsin dabbar, ƙananan hukumomin da ake kiwonta, yadda ake fiɗa da shanya a inuwa, da jima da bagaruwa kamar yadda kuka gada, tare da bayanin abin da ba a yarda a yi ba. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke kusa da ku, da cibiyar nazarin fata da ke Samarun Zariya, za su iya taimaka muku da gwajin kimiyya da zai tabbatar da abin da hannunku ya riga ya sani, domin duk hukumar da za ta yi rajista za ta nemi hujjar alaƙar ingancin da yankin. Ku tattara kuma shaidun tarihi, irin su tsofaffin rasitai da rahotannin ciniki na zamanin Turawa da ke ambaton fatar da sunanta.

Bayan haka ku buɗe littafi da za a riƙa rubuta kowane ƙunshin fata a ciki, daga wace kasuwa aka sayo, wane majemi ne ya jeme, wa aka sayar wa, ku kuma naɗa mutanen da kowa ya yarda da amanarsu su riƙa zagayawa suna dubawa, da ikon hana tambari ga wanda ya saɓa, ko da ɗan uwan shugaba ne. Ku yanke tun yanzu nawa za a cire a kan kowace fata domin biyan wannan aiki, saboda shirye-shirye da yawa a Afirka sun tsaya cak ranar da kuɗin masu tallafi na waje ya ƙare. Yana da kyau kuma ku tuntuɓi takwarorinku na Maraɗi, waɗanda suka riga suka bi irin wannan hanya har suka samu tambarin haɗin gwiwa, ku ga kundin da suka rubuta, ku ji kuɗin da abin ya ci da kuma wuraren da suka sha wahala, tun da akuya ɗaya kuke kiwo kuma masu saye ɗaya kuke nema.